Dada Tsirya Ta Ce, Ni Na Ce Aku

Ranar wata kasuwar Gummi ce a shekarar 1981, an gama yankan gero, dawa ta fara sunkuyar da kai tana jiran nuna. Ina da shekara goma sha ɗaya, ina aji biyar na firamare. Rana ta take tsaka, ni da Baffa Sahabi, ƙanen mahaifina, muna tsaye can bayan 'yan kaji, ƙarƙashin wani dogon yaro, inda wani mutum ya jera keji a kan buhunan goro da babu komai a ciki. Na kara ne duka, in ban da guda ɗaya na waya. A cikin na karan akwai tsiryoyi, koraye shar, masu doguwar wutsiya da jan baki, akwai kuma wasu gajeru masu kai ruwan toka da ciki ruwan ɗorawa, irin waɗanda muka saba gani a kan kanya da tsamiya in mun je gona. A cikin na wayar kuwa aku ne guda ɗaya tal, babba, ruwan toka, wutsiyarsa ja wur kamar an tsoma ta cikin galura. Ya karkata kai yana kallona da ido ɗaya. Baffa ya cire hula ya share gumi, ya dube ni ya ce, “To Uwani, ke aka ba saƙo. Wanne Dada tac ce?” Na san amsar kamar yadda na san sunana. Amma na ɗaga hannu na nuna kejin waya.

Dada ita ce kakata ta wajen uba, sunanta na ci, shi ya sa kowa a gida yake kirana Uwani, ita kaɗai take ce mani takwara. Gidanmu babban gida ne na kasa a gefen gari, daga bayan katangarmu kana hangen fadama har zuwa inda gulbi yake ƙyalli. Da ka wuce zaure sai rumbuna huɗu, sai turken awaki, sai sashen Inna mahaifiyata da na matan baffannina, inda ba a rasa ƙarar taɓarya daga safe zuwa la'asar. Ɗakin Dada yana can ƙurya, kusa da wata bishiyar lalle, da 'yar rumfar zana a ƙofarsa. Tun ina shekara shida aka mayar da ni ɗakin, lokacin da yana ta fara rufe mata ido. Kafin in kai aji huɗu ganin ya tafi gaba ɗaya, a shekarar kuma kakana ya rasu, aka bar ta da ni da tabarmarta. Ni nake zuba mata ruwan alwala, in juya ta gabas, in dama mata fura, in faɗa mata wanda ya shigo kafin ya yi sallama. Ba ta cika buƙatar na ƙarshen ba, domin da tafiyar mutum take gane shi. Takan ce, “Ido ya tahi, kunne ya gaji gida.”

Abin da ya riƙe ta a duniya shi ne kaɗi. Ni da Inna mukan gurje mata auduga mu cire angurya, mu shiɓe ta har ta yi laushi, mu zuba mata cikin taskira. Ita kuma ta zauna a rumfa, ta miƙe ƙafafu, ta dangwali alli da yatsu biyu, ta murza mazari ya shiga juyi cikin ɗan ƙoƙonsa yana wani siririn kuka. Zare yana fitowa daga hannunta na hagu sumul, babu kumburi babu tsinkewa, ita da ba ta ganinsa. Masaƙa daga unguwa biyu sukan aiko a ɗauki zarenta, suna cewa nata ba ya ba su wahala. Da safe in na ɗauki jakar makaranta ina barin ta tana kaɗi, in na dawo in same ta tana yi. Amma tsakanin tafiyata da dawowata babu mai zama da ita. Maza suna fadama, mata suna fama da surfe da tuwo, yaran da ba su isa makaranta ba an tura su korar tsuntsaye a gonar shinkafa. Wata rana na dawo da wuri na same ta tana yi wa mazarin hira.

Baffa Sahabi shi ne autanta. Malamin gona ne a Anka, yakan zo a kan babur ƙarshen wata, ya kwana biyu ya koma. A wannan zuwan Inna ta faɗa masa irin kaɗaicin da tsohuwa take ciki, sai ya durƙusa gabanta ya ce zai sayo mata rediyo. Ta ce ba ta son abin da zai yi ta magana ba ya jin tata. In dai yana son faranta mata, ya samo mata ɗan aku wanda za ta riƙa ba gyaɗa da hannunta. Ya tambaye ta wane iri, don suna da yawa, ta ce ya tafi da takwara, takwara ta san irinsa. Na kuwa sani. Sau da yawa ta ba ni labarin ƙauyensu na wajen Bukkuyum, inda aka haife ta, da wata tsohuwar kuka a bayan ɗakin mahaifiyarta wadda tsiryoyi suke kwana cikin kogonta. Kukansu ne yake tashin su da asuba. Mahaifiyar ta rasu tana ƙarama, ba ta iya tuna fuskarta, amma ta ce duk sa'ad da ta ji tsirya sai ta ji kamar tana kwance a bayanta. Da muka tashi fita ma sai da ta kamo hannuna ta sake faɗa mani: koriya, mai doguwar wutsiya, 'yar ƙarama wadda ba ta gama wayo ba.

Sai dai ni akwai abin da yake cin raina wanda Dada ba ta sani ba. A ajinmu akwai wata yarinya Balki, wadda aka yi wa babanta canjin aiki daga Anka. Tana da takalmin roba fari da gwangwanin lissafi, ta kuma iya ba da labari. In an fita hutun tara muna 'yar carafke a gindin darbejiyar makaranta, sai ta ajiye duwatsun ta shiga ba mu labarin akun maƙwabtansu na can, mai jan wutsiya, wanda yake yin sallama, yana kiran sunan kowa, har yana kwaikwayon tarin mai gidan. 'Yan mata su bar wasa su kewaye ta. Ni da na saba a kewaye ni don na fi kowa iya waƙar gaɗa, abin ya tsaya mani a wuya. Wata rana bakina ya suɓuce na ce ai mu ma baffana zai kawo mana irinsa. Balki ta yi dariya ta ce in dai irin korayen nan ne masu satar dawa, ko ɗan tsaron gona yana da su. Na rantse mata cewa mai jan wutsiya ne. Daga ranar kullum sai ta tambaye ni ko baffan nawa bai iso ba.

Wannan ne abin da ya ɗaga hannuna a kasuwa. Kuma ba zan ce ba a yi mani gargaɗi ba. Mai tsuntsayen mutum ne mai gaskiya, yana bin motocin goro zuwa Kurmi, daga can ya zo da akun. Da ya ji cewa tsohuwa ce marar gani za a kai wa, sai ya girgiza kai ya bi su ɗaya bayan ɗaya yana yi wa Baffa bayani. Ya ce tsirya akwai surutu da ƙiriniya, amma in an same ta tana ƙarama takan saba da hannu, ta hau kafaɗa, abincinta kuma duk yana cikin rumbunmu. Ya ciro wata da ya ce shi ya rene ta da bakinsa, ta taka ta hau yatsansa tana kaɗa wutsiya. Gajeren mai rawayan ciki ya ce ya fi sanyin hali, ba ya damun mutum da kuka, in ya riƙe mutum ɗaya ya riƙe shi ke nan. Amma na wayar, ya ce babba ne, ya riga ya yi ubangida a wani wuri, bai san hannun kowa ba a nan, bakinsa kuma yana fasa ƙwarar manja. Baffa ya sake dubana. Na ce ai Dada da bakinta ta ce mai jan wutsiya, mai magana, don ya riƙa taya ta hira. Har na ƙara da cewa ta ce ba ta son tsirya. Akun ya fi sauran tsada nesa ba kusa ba, amma Baffa bai yi ƙorafi ba. Ya ce abin da uwa take so ba a duba wahalarsa. Na hau bayan babur na rungume keji, raina fari tas, ina shirya abin da zan gaya wa Balki.

Da muka shiga gida yara suka yanyame mu, matan gida suka bar turmi suka zo kallo. Baffa ya ajiye kejin gaban Dada ya ce ga saƙonta. Ta ajiye mazari, fuskarta ta washe, ta miƙa hannu tana laluben kara, sai ta ji waya. A daidai nan akun ya buɗe baki ya yi wani irin gurnani mai kaushi, kamar ana jan ƙarfe a kan dutse. Na ga hannun Dada ya tsaya. Ta juyo da fuskarta daidai inda nake tsaye, ko da yake ban yi motsi ba, ban kuma yi tari ba. Sa'an nan ta juya wajen Baffa ta sa masa albarka, ta yi masa addu'a mai tsawo, ta ce Allah ya ba shi masu yi masa. Ba ta ce mani komai ba, ba a ranar ba, ba washegari ba. Da daddare ta ce in rufe kejin da tsohon zane kada sanyi ya kama baƙo.

Kwana huɗu akun bai ce uffan ba. Yana maƙale a ƙuryar keji, in an matso ya kumbura gashi ya yi gurnani. Dada tana zuba masa gyaɗa da dawa, tana yi masa magana a hankali kamar yadda take yi wa jariri. Ni kuwa na riga na cika makaranta da labari. Ranar Alhamis da aka tashi na kwaso Balki da 'yan mata biyar muka zo. Dada ta shiga ɗaki tana sallar azahar. Muka kewaye kejin, na yi ta ce masa ya yi sallama, ya ƙi. Balki ta taɓe baki ta ce wannan ai bebe ne. Kunya ta kama ni, sai na zaro tsinken zana na shiga tsokalarsa ta tsakanin waya. Sauran ma kowa ta samo nata. Ya yi ta dukan keji da fukafukai yana ihu, gashinsa yana tashi, mu kuma muna dariya. Da muka ji Dada ta yi sallama sai muka watse, 'yan matan suka fice, ni na laɓe bayan rumbu. Ta fito da lalube tana tambayar abin da ya firgita shi. Ta durƙusa, ta kwance bakin zanenta ta ɗauko ƙwayar gyaɗa, ta buɗe 'yar ƙofar kejin ta sa hannunta na dama tana cewa ya kwantar da hankalinsa. Ina kallo. Ina da lokacin da zan ce mata kada ta sa hannu, amma in na yi magana za ta san ina wurin. Ya kama manuniyarta daidai gaɓa, ya ƙi saki. Ba ta yi ihu ba, salati kawai ta yi. Sai da Inna ta zo da muciya aka raba su.

An wanke ciwon da ruwan ɗumi da gishiri, aka sa masa garin bagaruwa aka ɗaure. Da yamma Baba ya dawo daga fadama, ya ga jini a tabarma, ransa ya ɓaci ƙwarai. A wannan zuwan Baffa ya ƙara kwanaki, bai riga ya koma Anka ba, sai faɗan ya faɗa kansa. Baba ya ce wane irin rashin tunani ne zai sa a kawo wa makauniya dabba mai baki kamar awartaki. Baffa ya sunkuyar da kai ya ce shi ma mai tsuntsayen ya hana shi, amma Uwani ta ce wannan Dada ta zaɓa da bakinta. Kowa a tsakar gida ya juyo yana dubana. Na san bulalar Baba, na kuma san abin da ya fi bulala, wato a ce 'yar da aka amince wa ta ci amanar makauniya. Sai muryar Dada ta fito daga rumfa.

“Ku bar yarinya. Ni nic ce a sawo shi.”

Baba ya ce, “Dada, ke da kullum zancenki tsirya?”

Ta ce, “Tsuhwa ya zo, Mamman. Abin da zuciya ka so daban, abin da baki ka hwaɗi daban.”

Magana ta mutu a nan. Baba ya ce daga yau kada a sake shigo masa da wani tsuntsu gida in ba kaza ko zabo ba, wannan akun ma ba don Dada ta hana ba da ya murɗe masa wuya. Da dare na kwanta a gefen Dada ina jiran ta tambaye ni dalili, ko ta zage ni, ko ta ja mani kunne. Ta ce kawai in miƙo mata buta kusa.

Bayan kwana uku yatsan ya kumbura ya yi suntum, zafi ya hau mata har hammata. Tafiya zuwa asibiti tana yi mata wuya, sai Baba ya roƙi wata nas da take haya a unguwarmu ta riƙa zuwa gida. Bayarabiya ce Kirista, kowa yana kiranta Maman Bose, ta daɗe a Gummi har tana jin Hausa kamar jakin Kano. Ta tsaga wurin ta matse mugunya, ta yi allura, kullum da yamma in ta taso aiki ta biyo ta canza ɗauri. A zuwanta na uku ne, tana wanke hannu tana yi wa 'yarta magana da yarensu, sai akun ya miƙe a kan sandarsa ya saki magana, rangaɗaɗau, da muryar wata tsohuwa. Maman Bose ta saki sabulu. Ta matsa kusa ta amsa masa, ya sake maimaitawa, har da 'yar dariya a ƙarshe. Dada ta tambaye ta abin da yake cewa. Ta ce sunan wani yaro yake kira, yana ce masa ya shigo ya ci abinci kafin ya huce. Dada ta ce ashe ba bebe ba ne, ba mugu ba ne kuma, shi ma ɗan wani gida ne aka rabo shi da nasa. Daga ranar ba ta sake kiransa baƙo ba, sai dai maraya.

Ciwo ya warke, amma yatsan bai koma daidai ba. Ya sandare a miƙe, ba ya lanƙwasuwa, kansa kuma ba ya jin taɓi. Ranar da aka cire ɗauri ta ce in kawo mata taskira. Ta dangwali alli ta murza mazari, ya yi juyi biyu ya faɗi. Ta gwada da yatsan tsakiya, zaren ya fito da kauri nan, siriri can, ya tsinke. Ta yi ta gwadawa har mako biyu, ina zaune a gefe ina tsince mata mazarin in ya gangara. Masaƙi ɗaya ya karɓi abin da ta kaɗa don kunya, bai sake aikowa ba. Wata safiya ta tattara audugar da allin ta ce in kai wa Inna. Daga nan zamanta ya koma zaman jiran sallah, hannuwa a kan cinya, tana sauraron gida. Ana cewa ƙarya fure take yi ba ta 'ya'ya. Tawa ta yi 'ya'ya, wata ce kuma ta ci ɗacinsu. A makaranta kuwa ko mako ba a yi ba aka manta da zancen aku, Balki ta koma ba da labarin wata mota.

Akun ya zauna da mu har bayan sallar layya. Bai taɓa koyon kalmar Hausa ko ɗaya ba, ya fara fige gashin ƙirjinsa, ba ya walwala sai ya ji muryar Maman Bose a zaure. Da aka yi mata canjin aiki zuwa garinsu ta zo sallama, sai Dada ta ce ta tafi da shi inda ake jin maganarsa, zama cikin mutanen da ba su gane ka ba ciwo ne. Na ɗauki kejin na raka ta har tasha. Da na dawo na tarar da ƙusar da ake rataye shi, na tuna cewa abin da Dada ta roƙa ba wani abu ne mai wuya ba. Yaran unguwa suna ciro 'ya'yan tsirya daga kogon itace, da na yi magana da an samo mata cikin kwana biyu. Amma Baba ya hana tsuntsu, duk gidan kuma sun yarda cewa abin da ta nema aka ba ta ya cuce ta. Ni kaɗai zan iya warware wannan, kuma ba zan iya ba sai na faɗi abin da na yi. Sau da yawa na shirya maganar a hanyar rijiya, in na iso gida tulun kawai nake saukewa.

Da dawa ta sake nuna, wata Asabar da hantsi Dada ta ce in ɗauko mata mayafi, tana son in kai ta bakin gonar Baba ta tudu. Ta fi shekara ba ta wuce zaure ba. Na riƙe sandarta ta gaba, tana riƙe da ta baya, muka bi ta tsakanin gonaki a hankali, tana tsayawa tana hutawa, har muka kai gindin wata tsamiya na shimfiɗa mata ɗankwalina. Ba mu daɗe ba sai ga su, garke guda, sun keto sama kamar an watsa ganye, suna wannan kukan nasu mai kaifi. Suka sauka kan zangarniyar dawa, masu tsaro suka taso da majajjawa da gwangwani, suka tashi suka kewayo suka faɗa kan tsamiyar da muke. Dada ta ɗaga fuska sama, bakinta a buɗe, tana murmushi irin wanda ban taɓa gani a fuskarta ba, hawaye kuma yana bin kumatunta. Ta ce haka suke, ko kaɗan ba su sake ba. Na buɗe baki zan faɗa mata gaskiya. Na ce, “Dada.” Ta ce, “Na'am, takwara.” Ta jira. Na dubi yatsan nan a miƙe a kan gwiwarta, sai na ce mata rana ta fara zafi, ko mu koma. Ta ce to, mu koma.

Ba ta ga wata kakar ba. Da damina ta tsaya zazzaɓi ya kwantar da ita, jiki ya yi ta raguwa, har ranar da ta ce a tara mata 'ya'ya da jikoki. Aka aika Anka, Baffa ya zo. Ɗaya bayan ɗaya muka riƙa durƙusawa muna neman gafara kamar yadda ake yi, tana yafewa tana sa albarka. Da layi ya zo kaina ɗakin cike yake da mutane. Na faɗi abin da kowa ya faɗa, na ce Dada ki gafarta mani, ban ƙara ko kalma ɗaya ba. Ta lalubo kaina da hannun nan na dama, na ji sandararren yatsan a kan goshina. Ta ce, “Na yahe maki, takwara, wanda kis sani da wanda ni kaɗai nis sani.” Mutane suka ɗauka irin maganar tsofaffi ce. Bayan kwana biyu ta cika, da hantsi, ina makaranta.

Sai da na yi aure na haihu sa'an nan na iya gaya wa Baffa Sahabi gaskiya, don ya daina ɗora wa kansa laifin da ba nasa ba. Ya ce Allah ya jiƙan Dada, ya kawo wani zance. Yanzu shi ma ya rasu, da Baba da Inna. An raba gidan, an sa bulo inda rumbuna suke, babu wadda ta iya kaɗi a duk zuriyarmu. Gonar tudu ba kowane lokaci ake iya zuwa ba saboda halin da ƙasa take ciki, manyan itatuwan da tsuntsaye suke kwana ciki kuma sun tafi a gawayi. Yaran yanzu a waya suke ganin aku iri-iri, masu launin da ban taɓa sanin Allah ya halitta ba, su yi dariya su wuce zuwa wani abu. A zamaninmu tsohuwa ba ta da abin da ya wuce mutanen da suke kusa da ita, abin da suka ce mata shi ne duniya, Dada kuma ta ba ni amanarta duka ba tare da ta yi shakka ba. Na yi shekara talatin ina koyarwa, na hukunta yara da dama a kan ƙarya, ban taɓa yi ba tare da na ji nauyi a ƙirjina ba. Ta yafe mani, na sani. Abin da ya rage mani shi ne ban taɓa ba ta damar ji daga bakina ba.